Me ya sa kalma ɗaya ta ba ni fassara huɗu a harshen Fotugis?

Tambaya: Malam, ina sayar da kaya ga wani ɗan kasuwa a Luwanda, babban birnin Angola, inda ake magana da Fotugis. Na so in sanar da shi cewa farashi ya tashi, sai na rubuta kalmar Ingilishi "rise" a manhajar fassara ta wayata, ta jero mini "subir", "aumento", "ascensão" da "levantar-se". Wacce zan ɗauka?

Amsa: Alhaji, manhajar ba ta yi kuskure ba, domin kalma ɗaya tilo ka ba ta, ita kuwa tana gane ma'ana ne daga kalmomin da ke kewaye. Ko a Hausa, wanda ya ji "tashi" kaɗai ba zai san ko daga barci ake nufi ko farashi ko kullun ƙosai ba.

"Subir" ita ce ta hawa, ko matakala ko tudu, kuma ita ake faɗa idan kuɗin kaya ya hau. Saboda haka jimlar da kake bukata ita ce "o preço subiu", wato farashi ya tashi. "Aumento" suna ne mai ma'anar ƙari, kamar ƙarin albashi, ana kuma iya cewa "aumento de preço" a takardar ciniki. "Levantar-se" miƙewar mutum ce daga zaune ko kwance, yayin da "ascensão" ta fi dacewa da hawa mulki ko ɗaukakar daraja, don haka ba ta da gurbi a saƙonka. Fitowar rana ma, wadda a Ingilishi ake cewa "sunrise", daban take, domin "nascer do sol" suke cewa, kai ka ce haihuwar rana.

Shawarata ita ce ka riƙa rubuta cikakkiyar jimla, sannan ka juya fassarar zuwa harshen da ka fara da shi ka ga ko ma'anar ta dawo yadda ka nufa. Ka kuma lura da irin Fotugis ɗin da ka zaɓa, domin tun 2024 Google Translate ya ware na ƙasar Fotugal daga na Barazil, kuma rubutun Angola ya fi kusa da na Fotugal. Wayar hannu da ɗan Barazil ke kira "celular", abokin cinikinka na Luwanda "telemóvel" zai ce mata.