Tambaya da Amsa: Kotu Ta Sallame Shi, Kamfani Ya Ƙi Karɓarsa

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni uwa ce, ina zaune a unguwar Kurna a Kano. Ɗana na fari yana da shekara 24, kuma ya yi shekara uku yana aiki a wani kamfanin robobi a Sharaɗa. Ranar da aka fara zanga-zangar tsadar rayuwa an tashe su daga aiki da wuri, bai sami abin hawa ba ya taho a ƙafa, sai jami'an tsaro suka kwashe shi tare da wasu matasa. Ya yi fiye da wata ɗaya a tsare kafin kotu ta kori ƙarar. Da ya koma wurin aiki, manajan ya ce masa an ba wani gurbinsa, kuma su ba sa ajiye 'yan daba. Tun daga lokacin duk inda ya je neman aiki, da zarar an ji unguwarmu kuma an ji an taɓa kama shi, sai a ce ya dawo wani lokaci. Malam, yana da wani haƙƙi a doka, ko sai dai mu bar wa Allah?

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya kawo sauƙi. Barin lamari ga Allah ba ya hana mutum neman haƙƙinsa, kuma ɗanki yana da haƙƙi, ko da yake zan gaya miki tun yanzu cewa doka ta fi iya karɓo masa kuɗi a kan ta mayar da shi bakin injinsa.

Mu fara da kamun. Duk wanda yake Kano ranar 1 ga Agusta, 2024 ya san cewa an yi ɓarna: an fasa wurare, ciki har da cibiyar fasahar zamani ta hukumar sadarwa ta NCC, an kwashi kaya, har Gwamna Abba Kabir Yusuf ya kafa dokar hana fita ta awa 24. A irin wannan rana jami'an tsaro ba sa tsayawa tantancewa, kwasa suke yi, kuma wanda ake kwasa shi ne wanda yake kan titi da ƙafarsa. Shi ya sa sashe na 36(5) na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce duk wanda ake tuhuma da laifi marar laifi ne har sai an tabbatar da laifin a kansa. Musulunci ma ya riga ya ɗora wa mai da'awa nauyin kawo hujja. An ga amfanin wannan ƙa'ida ranar 1 ga Nuwamba, 2024, lokacin da aka gurfanar da mutum 76 a Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja bisa tuhumomin da suka haɗa da cin amanar ƙasa, da yawansu ƙananan yara, wasu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali, aka sa wa waɗanda aka ba beli naira miliyan 10 kowannensu. Kwanaki kaɗan bayan haka Shugaba Tinubu ya ba da umarnin a saki yaran, aka janye tuhumar. Idan tuhuma mai nauyin wannan ta watse cikin mako guda, babu dalilin da zai sa manajan kamfani ya ɗauki kamun kan titi a matsayin hukunci.

Abu na farko da za ku yi shi ne ku koma kotun da ta saurari shari'ar, ku nemi magatakarda ya ba ku kwafin umarnin kotu mai hatimi. Mutane da yawa, saboda murnar fitowa, ba sa waiwayar wannan takarda, alhali ita kaɗai ce za ta yi magana a madadin yaron bayan shekara biyar ko goma. Ku karanta ta da kyau, ko ku ba lauya ya karanta muku, domin akwai bambanci tsakanin a kori ƙara saboda masu gabatar da ita ba su zo ba ko ba su shirya ba, da kuma a saurari shari'a a wanke mutum. A hali na farko ana iya sake shigar da ƙarar, a na biyu kuwa an rufe maganar. Amma a duka biyun ba a same shi da laifi ba, don haka idan fom ɗin neman aiki ya tambaya ko kotu ta taɓa yanke masa hukunci, amsarsa ta gaskiya ita ce a'a. Idan kuwa tambayar ita ce ko an taɓa kama shi, kada ya ɓoye, ya faɗa ya liƙa kwafin takardar, domin ƙarya a fom ita kanta dalilin kora ce ranar da aka gano ta.

Sai batun kamfanin. Dokar Ƙwadago ta ƙasa, a sashe na 11, ta tsara notis ɗin da za a ba leburan da za a sallama gwargwadon daɗewarsa: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba, mako ɗaya ga wanda ya wuce wata uku amma bai kai shekara biyu ba, mako biyu ga wanda ya yi shekara biyu zuwa ƙasa da biyar, wata ɗaya ga wanda ya yi shekara biyar ko fiye. Ɗanki da ya yi shekara uku yana da notis na mako biyu ko kuɗinsa, sai dai idan takardar ɗaukarsa aiki ta ba shi fiye da haka, tare da duk albashin kwanakin da ya yi aiki ba a biya shi ba. Kamfanin zai ce shi ne ya daina zuwa ba tare da izini ba, kuma wannan hujja ce da ba za a raina ba, domin ba a tilasta wa mai masana'anta ya bar inji a tsaye wata guda. Abin da zai karya ta shi ne shaidar cewa an sanar da su yana tsare, ko da saƙon waya ne da wani ɗan'uwansa ya tura wa shugaban sashensu. Ku bincika wayoyinku tun kafin saƙon ya ɓace.

Kotun da take da hurumin wannan rigima ita ce Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda sashe na 254C na tsarin mulki ya keɓe mata shari'o'in aiki, kuma tana da reshe a nan Kano. A wasu hukunce-hukuncenta ta nuna cewa bai isa a ce mai kamfani yana da ikon kora kawai ba, sai ya kawo dalili karɓaɓɓe. Duk da haka, a aikin kamfani mai zaman kansa abin da aka saba samu shi ne diyya, ba mayarwa ba. Ma'aikacin gwamnati ya fi samun kariya, domin idan ana tuhumarsa ana iya dakatar da shi a kan rabin albashi, kuma idan an wanke shi yana da hanyar komawa. Kafin zuwa kotu ina ba da shawarar a rubuta wa kamfanin wasiƙa cikin ladabi, a haɗa da takardar kotu, a nemi haƙƙoƙinsa da kuma takardar shaidar cewa ya yi musu aiki shekara uku. Idan babu kuɗin lauya, akwai hukumar gwamnatin tarayya mai ba marasa ƙarfi tallafin shari'a kyauta, kuma ofishin ƙwadago na tarayya yana sasanta irin wannan. Idan ana cire masa kuɗin fansho, dokar fansho ta 2014 ta yarda wanda ya rasa aiki ya yi wata huɗu bai sami wani ba ya karɓi kashi 25 cikin 100 na abin da ya tara, wanda zai iya zama ɗan jari. Sai dai ku fara tabbatarwa kamfanin ne ya ɗauke shi ko ɗan kwangila, domin leburori da yawa a Sharaɗa da Challawa da Bompai ba su san sunan wanda yake ubangidansu a takarda ba sai ranar da rigima ta taso.

Kalmar da manajan ya faɗa ita ce ta fi tsaya mini a rai. Yaron ya yi shekara uku yana shiga yana fita ana caje shi a ƙofa, ba a taɓa kama shi da ko murfin bokiti ba, amma rana ɗaya ta mayar da shi ɗan daba. Manajan ba shi da wata sabuwar shaida a kansa, tsohon zato ne da yake da shi game da 'ya'yan talakawa ya sami abin jingina. Daba gaskiya ce a Kano, kuma mutanen Kurna da Rijiyar Lemo da Ɗorayi sun fi kowa sanin sharrinta, tunda su ake tarewa a lungu a ƙwace wa waya. Amma ɗan da ya fito daga Nasarawa GRA, unguwar masu hali, idan tsautsayi ya sa aka kama shi a rana irin wannan, kafin magariba an yi waya, an tura lauya, ya kwana a gida, babu fayil, babu wanda zai ji. Ɗan mai wankau kuwa zai kwana caji ofis, ya wuce gidan yarin Kurmawa ko na Goron Dutse saboda babu mai gida ko babban ma'aikacin da zai tsaya masa beli, kuma tsawon zaman da rashin gata ya jawo masa shi ne mutane za su ƙirga a matsayin girman laifinsa. Wannan rabon tsakanin talaka da mai gata shi ne Malam Aminu Kano da jam'iyyar NEPU suka yi ta magana a kansa tun 1950, a wannan garin.

Saboda haka, Hajiya, bayan takarda ku nemi mutum. A Kano tambayar da take samar da aiki ita ce wa ya tsaya maka. Mai unguwarku, limamin masallacin da yake salla, ko tsohon shugaban sashensa da ya san aikinsa, ɗayansu ya rubuta masa shaida ko ya raka shi da ƙafarsa, ya fi fom goma da zai ajiye wa maigadi.

TAMBAYA: Malam, ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari. An kama yaron shagona a wannan tarzoma, aka sake shi bayan mako biyu. Ya shekara huɗu tare da ni ban taɓa ganin ha'incinsa ba, amma maƙwabtana na layi suna cewa wake ɗaya ke ɓata gari, in rabu da shi kafin ya jawo mana ɓarayi. Ni kuma dukiyar da ke hannuna ta mutane ce. Me ka gani?

AMSA: Alhaji, tsoronka a kan dukiyar mutane daidai ne, kuma ba zan ce ka rufe ido ba. Amma kana da shaida iri biyu a gabanka: ta shekara huɗu wadda ka gani da idonka, da ta mako biyu wadda ka ji a bakin mutanen da ba su je wurin ba. Alƙur'ani a Suratul Hujurat ya yi umarni da a bincika labari kafin a yi aiki da shi, ya kuma yi gargaɗi a kan yawan zato. Ka je da kanka ka tambayi abin da aka tuhume shi da shi da yadda maganar ta ƙare, ka ga takarda. Idan an same shi da kayan da aka wawushe kuma kotu ta tabbatar, to wannan magana ce ta amana, kana da ikon sallamarsa, ka ba shi haƙƙinsa cikin mutunci. Idan kuwa kwasarsa aka yi aka sake shi, korarsa za ta zama hukuncin da alƙali bai yanke ba, kuma a kasuwa irin Kwari, inda labari yake zagaye layuka kafin azahar, ba shagonka kaɗai za ka rufe masa ba, domin duk wanda ya ji cewa ubangidansa na shekara huɗu ya rabu da shi zai ɗauka ka san abin da ba ka faɗa ba.

Idan zuciyarka ba ta kwanta ba, akwai hanyar da 'yan kasuwa suka daɗe suna bi. Ka kira mahaifinsa ko wanda ya kawo maka shi tun farko, a zauna gaban shugaban layinku a sabunta tsayawar, sannan ka yi lissafin kaya tare da shi duk ƙarshen mako na wata uku, kamar yadda ya kamata a ce kana yi da kowane yaro a shagon, har da ɗan ƙaninka.