Kafin ka hau tsani: amsa kan sa kyamarar tsaro a gida

Ɗana, ka ce maigidan da ya kira ka yana son kyamara takwas, kuma ya nuna maka wasu a wayarsa, masu sola da sim, masu juya kai suna bin mutum, ya ce irinsu yake so don kada a fasa masa bango. Kana tambaya ko su za ka sayo, ko ka yi masa aikin kebul irin namu, da kuma inda za ka kafa su. Kada ka sayi komai tukuna. Koma gidan sau biyu, da rana da kuma bayan isha'i, ka zaga shi da ƙafarka, ka tambaye shi abin da yake tsoro. Wani motarsa ce damuwarsa, wani janareta da batiran sola, wani kuma so yake ya san wanda ya buga ƙofa kafin a buɗe. Amsar da zai ba ka ita za ta gaya maka yawan kyamarar, ba hoton da ya gani a waya ba. Sau da yawa wanda ya ce takwas, huɗu ko biyar masu kyau sun ishe shi, ragowar kuɗin a sa a batir da kebul na kirki.

Ranar da abu ya faru, Allah ya kiyaye, tambaya ɗaya za a yi maka: wane ne wannan? In hoton bai nuna fuska ba, duk wahalar da ka sha a kan tsani ta tafi a banza. Don haka ka koyi lissafin nan, ka riƙe shi da ka. Kyamara mai megafiksel 2 tana da ɗigo 1920 a faɗin hotonta. Ƙa'idar da masu wannan sana'a suka daɗe suna bi a duniya ta ce kafin a tantance fuskar baƙo ana bukatar ɗigo 250 a kowace mita, a gane wanda aka riga aka sani kuwa 125 sun isa. Raba 1920 da 250, za ka samu ƙasa da mita takwas. Wato in faɗin wurin da kyamarar ke kallo ya wuce haka, fuska ta fara ɓacewa. To kyamara mai ido 2.8mm (lambar gilashin idon ke nan, ƙaramar lamba ta fi buɗe faɗi), wadda ta cika kasuwa, tana buɗewa fiye da digiri ɗari, a nisan mita uku kawai ta cinye wannan faɗin. Mai 4mm za ta kai ka mita huɗu da ɗoriya, mai 6mm wajen mita bakwai. Shi ya sa za ka ga gida da kyamara a kowace kusurwa, hoto fes a talabijin, amma da an jawo fuskar mutum sai ta zama dusu-dusu. Mai faɗin ido aikinta ta nuna maka abin da ya faru a fili. Mai nuna wanda ya yi shi daban take, kuma wurinta inda dole mutum ya ratsa: ƙofar gida, bakin zaure, lungun da ke tsakanin katanga da gini.

Tsayi ma haka. Na san maigida zai ce a kai ta can sama kusa da kwano don kada a cire. In ka bi maganarsa, saman hula da kafaɗu za ka riƙa naɗa. Kyamarar fuska ka sa ta tsakanin mita biyu da rabi zuwa uku, sannan ka sa wata daga wani gefe tana kallonta, duk wanda ya miƙa hannu ya taɓa ɗaya, ɗayar ta ɗauke shi.

Ka duba rana kuma. Kyamarar da ta fuskanci gabas makauniya ce da hantsi, ta yamma kuma bayan la'asar. Zaure ya fi ko'ina wuya, domin ciki duhu, ƙofa kuma haske, mai shigowa sai ya fito baƙi ƙirin kamar inuwa. A nan ka nemi wadda aka rubuta wa WDR na gaske, mai 120dB, wato mai iya daidaita haske da duhu a hoto ɗaya, ko ka juya ta ta ɗauki mutum bayan ya shigo, haske na dukan fuskarsa.

Yanzu ga masu solar da ya nuna maka. Ban ce ba su da amfani ba. A gona, a kangon da ake ginawa, a garejin da ke nesa da gida inda jan kebul ba zai yiwu ba, ni ma ina sa su. Amma mafi yawansu barci suke yi don adana batir, sai sun ji motsi su farka, kafin su fara naɗa mutum ya riga ya ba da baya. Katin ajiyarsu a cikinsu yake, wanda ya cire kyamarar ya tafi da shaidar. Ga cin data, ga ƙurar hunturu da ke rufe farantin solar har batir ya kasa cika. Mai juya kai kuwa, tana bin akuya hagu, mutum na wucewa ta dama. Masu waifai su ma bangon bulo da rodi na kashe musu ƙarfi, kuma duk da haka sai ka ja musu wayar wuta. Gidan da mutum ke kwana da iyalinsa, kebul za ka yi masa. Ka gaya masa haka cikin ladabi, ka nuna masa cewa kebul ɗin cikin bututu zai bi ta silin da gefen bango, ba za a ɓata masa fenti ba.

Na kebul iri biyu ne, ka sani. Akwai mai na'urar naɗa hoto da ake kira DVR da kebul RG59, kowace kyamara da wutarta ta bolt 12. Ya fi araha, kayan gyaransa ko'ina akwai. Akwai kuma mai na'urar naɗa da ake kira NVR da kebul Cat6, irin na intanet, wanda hoto da wuta ke bin igiya ɗaya, amma kada tsawon igiyar ya wuce mita 100. Hotonsa ya fi kyau, aikinsa ya fi tsabta. In aljihunsa zai ɗauka, shi nake so. In ba zai ɗauka ba, na farkon ba abin kunya ba ne. Kyamarorin kamfanonin Hikvision da Dahua, duka na birnin Hangzhou a ƙasar Sin, su suka fi yawa a hannunmu, kuma saboda sunansu ne ake yi musu jabu. Ka sayi kaya inda za a ba ka rasit da garanti, ka duba lambar jikin kyamara ta yi daidai da ta kwali.

Kebul dai, ɗana, a nan ake cutar mutane, kuma a nan sunan mai aiki ke ɓaci. Kafin ka biya, fere bakin igiyar ka kankare ta da wuƙa. In jan ya tafi fari ya bayyana, alminiyam ne aka shafa wa tagulla, ka ajiye musu kayansu. Irin wannan igiya tana shanye wuta a hanya. Alamarta ba ta ɓuya: kyamara lafiya lau da rana, da magariba ta yi, fitilunta na dare suka kunna suka nemi ƙarin wuta, sai ta riƙa ɗaukewa tana dawowa. Duk lokacin da aka kira ka da wannan ƙorafi, kada ka fara zargin kyamara. Ɗauki mitar awon wuta ka auna wutar a bakin kyamarar da dare, ba a bakin adafta ba. Kada kuma ka haɗa kebul ɗin hoto da wayar wutar gida a bututu ɗaya, layi-layi zai riƙa yawo a hoton. Duk mahaɗa ta waje ka rufe ta cikin akwatinta, ka bar igiyar ta ɗan lanƙwaso ƙasa kafin ta shiga, ruwan damina ya ɗiga ƙasa maimakon ya bi ta ciki. Kyamarar waje ta kasance mai IP66 ko IP67, alamar cewa ƙura da ruwan sama ba sa shigarta. Ka sa abin kare tsawa da hauhawar wuta, kuɗinsa bai kai na DVR ɗaya ba.

Sai ajiya. Kyamara mai megafiksel 2 a tsarin matse hoto na H.265 tana cin kusan gigabayit 20 a yini in tana naɗa ba tsayawa. Huɗu ke nan 80 da wani abu, faifan ajiya mai terabayit ɗaya, wato gigabayit dubu, bai cika sati biyu ba zai fara goge na baya. Tambaye shi kwana nawa yake yi in ya yi tafiya, da wannan za ka zaɓi girman faifan. Ka sa wanda aka yi don wannan aiki, WD Purple ko Seagate SkyHawk, ba tsohon faifan kwamfuta ba.

Wuta ita ce rabin aikin a ƙasar nan. Mai mugun nufi lokacin da aka ɗauke wuta yake so, kyamarar da ke mutuwa tare da fitilar gida kuwa ado ce kawai. Kyamara huɗu da na'urar naɗa ba sa wuce wat 50. Batir mai bolt 12 da amfiya 100, in rabinsa kawai za ka ja don ya yi ƙarko, zai kai su wajen awa goma, dare guda ke nan. In gidan na da inbata, ka sa su a layinta, har da rauta, na'urar intanet ɗin gidan. Na'urar naɗa kuwa kada ka ajiye ta ƙarƙashin talabijin a falo inda kowa zai gani. Nemi wuri ɓoyayye mai iska, ka jawo igiyar allo kawai zuwa falo. Ka saita agogonta daidai, domin hoton da kwanan watansa ya saɓa, gardama zai jawo a gaban hukuma.

Da dare za ka gane ko ka iya aiki. Fitilar kyamara in ta daki bango fari ko bakin kwano da ke kusa, hasken zai dawo mata ido, gaba duk ya yi duhu. Ka karkata ta har bangon ya fita daga hoton. Ƙwari na son wannan haske, gizo-gizo na bin su ya yi saƙa, sai hoton ya yi fari fat. Ƙwan fitila ɗaya mai kyau a ƙofar gida yakan gyara hoto fiye da ƙarin megafiksel.

Akwai abin da ya fi duk waɗannan nauyi a wurina. An shigar da kai gidan mutum, inda ko abokinsa iyakarsa zaure. In ya ce a sa kyamara a tsakar gida, ka tambaye shi ko uwargida da sauran iyali sun sani. Tsakar gida wurin sakewar mata ne, nan suke wanki da girki ba mayafi, kuma hoton da ya shiga waya ba ka san hannun da zai faɗa ba. Ni nakan ba da shawara a tsaya a ƙofofi da katanga, kyamara ta juya wa tsakar gida baya. Ɗakin kwana da bayi kuwa, ko nawa za a ba ka, ka ce ba ka yi. Haka gidan maƙwabci: in ka kafa ta a bene, hau ka duba allon da idonka, in tana leƙa tsakar gidan wani ka sunkuyar da ita, ko ka rufe wannan yanki da baƙin tambarin da ke cikin saitin na'urar. Allah ya hana mu binciken sirrin juna a Suratul Hujurat, aya ta 12, kuma sana'armu ba ta fitar da mu daga wannan hani ba. Masu ɗaukar murya ma ka sanar da shi, ya san cewa hirar masu zama a dakalin ƙofarsa tana shiga.

Kalmar sirri shi zai sa da hannunsa, kai ka juya baya. Asusun Hik-Connect ko DMSS, manhajojin kallon kyamara a waya, a buɗe da lambarsa, ba taka ba, in ka gwada da wayarka ka goge a gabansa ya gani. Kada a bar kalmar da na'ura ta zo da ita, ko 12345. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta kame dubun dubatar kyamarori da na'urorin naɗa a duniya, ba da wata dabara ba sai gwada irin waɗannan kalmomi da mutane ba su canza ba.

Kafin ka karɓi cikon kuɗinka, ka sa wani ya shigo ta ƙofa da rana, ya sake shigowa da dare, da hula a kansa. Ku zauna da maigidan ku mayar da hoton baya, ku tsayar, ku jawo fuskar. In ba a gane shi ba, tsani na nan, ka hau ka gyara. Ka kashe wutar gidan gaba ɗaya ku ga ko naɗin ya ci gaba. Sannan ka koya masa, ko babban ɗansa, yadda ake nemo hoton jiya a kwafe shi a filashi, ka sa ya yi da kansa kana tsaye. Bayan wata guda ka koma ka duba ko faifan na naɗa, in hunturu ya wuce kuma ka je da ƙyalle mai laushi ka goge idon kowace kyamara da farantin sola in akwai.