Me ke kayar da 'yan tseren keke a mako na uku?

Tambaya: Assalamu alaikum. Malam, ina bibiyar gasar tseren keke ta Tour de France duk shekara. Abin da ke ɗaure mini kai shi ne, za ka ga mutum da ƙarfi kamar doki a makon farko, a mako na uku sai ka ji wai mura ko gudawa ta fitar da shi, alhali ga likitoci ga masu dafa masa abinci. Me ke kawo haka? Ina tambaya ne domin mu ma muna da 'yar ƙungiya a nan, mukan fita bayan asuba mu kama hanyar Funtuwa ko ta Kaduna mu dawo, kuma muna shirin tafiyar kwana huɗu a jere. Da muka gwada kwana uku, mutum biyu a cikinmu sun kwanta da zazzaɓi. Daga wani mai karatu, Tudun Wada, Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah Ya ba abokan naka lafiya. Ruwa ba ya tsami banza, kuma abin da kake gani a mako na uku bashi ne da jiki ya fara ci tun ranar farko.

Fara duba girman aikin. Manyan gasannin nan uku, wato Tour de France da aka fara a 1903, da Giro ta Italiya (1909), da Vuelta ta Sifaniya (1935), kowacce zango 21 ce cikin kwana 23 ko 24, hutun kwana biyu ko uku kacal. Ta Faransa takan kai kilomita 3,300 zuwa 3,500. Kamar dai a ce ka tashi daga Zariya ka je Kano a kan keke yau, gobe ka sake, jibi ka sake, har mako uku, da gudun da ya haura kilomita 40 a awa, kuma a jera maka duwatsu a hanya. Sannan babu canjin ɗan wasa irin na ƙwallon ƙafa. Wanda bai gama zangon yau cikin lokacin da aka ƙayyade ba, ba zai hau keke gobe ba. Shi ya sa mai ciwo yake cije haƙori ya ci gaba, ciwon kuma yana ƙara cinsa.

Babban bashin na abinci ne. Ɗan tsere yana ƙona kalori 5,000 zuwa 8,000 a rana, ninki biyu zuwa uku na abin da magidanci mai aikin ofis ke ƙonawa. Man da jiki ke gudu da shi idan aiki ya yi tsanani shi ne sikarin da ya ajiye a tsoka da hanta, wanda likitoci ke kira gilaikojin. Rumbun nan ƙarami ne: giram 400 zuwa 500 a tsoka, wajen giram 100 a hanta. Awa ɗaya da rabi zuwa biyu na gudu mai tsanani ya isa ya yashe shi, zango kuwa yana cin awa huɗu zuwa shida. Domin a sake cika rumbun kafin safiya, mai nauyin kilo 65 na bukatar abinci mai sitaci da sikari giram 650 zuwa 780 a rana. In da shinkafa kaɗai za a auna, dafaffiya wajen kilo biyu da rabi ke nan, kullum, ko yana marmari ko ba ya yi. Wanda ya rage kaɗan ranar Talata ba zai ji komai ba ranar Laraba. Sai bayan kwana goma, a tsakiyar wani hawa, ƙafa ta ce ba ta san zancen ba. A Giro ta 2018 Simon Yates na Birtaniya ya riƙe rigar jagora, wato rigar da wanda ke kan gaba a gasar ke sawa, kwana 13, ya ci zango uku, amma a zango na 19 ya rasa kusan minti 39 a yini guda.

To me zai hana su ci da yawa a kan keke? Hanji ne ke da iyaka. Ƙofar da sikarin gulukos ke bi ya shiga jini ba ta wuce da fiye da giram 60 a awa. Idan aka haɗa shi da sikarin 'ya'yan itace, wanda ke da tasa ƙofar daban, ana kai wa giram 90, wasu ƙwararrun yanzu har 120 bayan sun yi watanni suna horar da cikinsu. Ga wata matsalar a kai: idan gudu ya yi tsanani, jiki na janye mafi yawan jinin da ke zuwa hanji ya tura wa ƙafafu da fata. Wato lokacin da aka fi ɗora wa hanji aiki, lokacin ne aka fi hana shi jini. Sikarin da bai shige ba sai ya zauna a ciki yana jawo ruwa, ciki ya kumbura, ya murɗa, zawo ya biyo baya. A Giro ta 2017, zango na 16, Tom Dumoulin na Holan yana sanye da rigar jagora ya jefar da keke a bakin hanya ya gangara cikin ciyawa ya tsuguna. Ya rasa fiye da minti biyu a ranar, ko da yake a ƙarshe shi ya lashe gasar. Wata hanyar ciwon ciki kuma ta ƙwayar cuta ce: ranar da aka yi ruwa a hanyar karkara, taya na watso laka da kashin shanu a bakin gorar ruwa, ɗan tsere ya kai baki bai sani ba.

Barci shi ne bashi na biyu. Sukan gama zango wajen ƙarfe biyar na yamma, a shiga mota awa ɗaya ko biyu, a yi tausa, a ci abincin dare ƙarfe tara, a kwanta a sabon gado kusan kowane dare, jini cike da sinadarin kofi da aka sha don ƙarshen tsere. Wanda ya faɗi kwalta ta kwashe masa fatar cinya, zanin gado na manne wa ciwon, duk juyi sai ya farka.

Haɗa yunwa da rashin barci da aikin awa biyar kullum, sai garkuwar jiki ta yi sanyi. Mutanen nan kuma kitsensu kaɗan ne, an tace su sai ƙashi da tsoka saboda hawan dutse, ajiyar da jiki zai koma wa ba ta da yawa. Suna shaƙar iska ta baki fiye da lita 100 a minti a wurin hawa, busasshiyar iska mai sanyi da ba ta bi ta hanci an tace ta ba, maƙogwaro ya bushe ya tsattsage. Su hau dutse jiƙe da gumi, su gangaro da gudun kilomita 80 cikin sanyi. Sannan kusan mutum 180 suna tafiya a ayari ɗaya kafaɗa da kafaɗa, na gaba ya fyace majina iska ta kai wa na baya. Mutum takwas na ƙungiya ɗaya motarsu ɗaya, teburinsu ɗaya. Shi ya sa da zarar ɗaya ya fara tari, likita ke ware masa ɗaki, a hana shi shiga motar 'yan'uwansa. A 2023 Remco Evenepoel na Beljiyam ya ci zango na tara a Giro, ya karɓi rigar jagora, a daren nan gwaji ya nuna yana da korona, ya tattara ya koma gida. Thibaut Pinot na Faransa kuwa a Giro ta 2018 yana na uku saura kwana biyu a gama, jikinsa ya ƙi, daga layin ƙarshe aka wuce da shi asibiti da zazzaɓi da ƙarancin ruwa, aka gano ciwon huhu ne.

Akwai ɗan ƙaramin ciwo da ba a cika faɗa ba saboda kunya, amma ya sha hana mutane lashe gasa: maruru a mazauni. Gumi da gugar sirdi na buɗe ramin gashi, ƙwayar cuta ta shiga. Shi ya fitar da Sean Kelly daga Vuelta ta 1987 yana kan gaba. Rigakafinsa a cire wandon tsere da an sauka, a yi wanka da sabulu, kada a maimaita wando ba a wanke ya bushe ba, kuma kada a canza tsayin sirdi ana tsakiyar tafiya.

Yanzu abin da ya fi muhimmanci a gare ku, wato bambance gajiya da ciwo. Gajiyar mako na uku tana da kamanni: ƙafa ta yi nauyi a minti ashirin na farko sannan ta saki, zuciya ta ƙi hawa inda ta saba ko an taka da ƙarfi, mutum ya yi saurin fushi, abinci ya fita ransa. Wannan abinci da barci da sassauta gudu ke gyara ta. Ciwo kuwa jiki magayi ne. Ka riƙa ƙirga bugun zuciyarka minti ɗaya cur kowace safiya kafin ka sauko daga gado, tun mako biyu kafin tafiya, don ka san naka adadin. Ranar da ka ga ya ƙaru da bugu goma, ka yi hattara. Idan abin daga wuya zuwa sama ne, yoyon hanci ko atishawa, ana iya tafiya a hankali. Idan ya sauka ƙasan wuya, tari daga ƙirji, ciwon gaɓoɓi, amai ko zawo, ko zafin jiki ya kai digiri 38, to a jingine keke. Ba na sassauta wa kowa a kan wannan. Ƙwayar cutar da ta kawo zazzaɓi na iya kama tsokar zuciya, kuma tuƙa keke a wannan hali na iya rikita bugunta mutum ya faɗi nan take.

Kada kuma a rufe bakin ciwo da ƙwaya. Tiramol na ɗauke zafi ya bar cutar tana aiki, ga jiri da mutuwar jiki a kan titin da tireloli ke bi. Hukumar tseren keke ta duniya ta haramta shi a gasa tun Maris 2019, kuma saboda shi aka soke matsayi na shida da Nairo Quintana na Kolombiya ya samu a Tour de France ta 2022. Magungunan ciwon jiki irin su ibufurofen da dikulofenak kuwa, idan aka sha su jiki babu ruwa, ƙoda suke yi wa illa. A tuna da Tom Simpson na Birtaniya, wanda ya rasu a kan dutsen Ventoux ana cikin Tour de France ranar 13 ga Yuli, 1967: ya kwana biyu yana fama da ciki, ga zafin rana, ga ƙwayar ƙara kuzari a jininsa da ta hana shi jin gargaɗin jikinsa.

Game da abokanka biyu, a yi musu gwajin zazzaɓin cizon sauro kafin a ce gajiya ce. Ƙwayar maleriya na ɗaukar aƙalla mako guda bayan cizo kafin ta nuna kanta, don haka in ita ce, zazzaɓin rana ta uku ba a hanya aka ɗauko shi ba, da shi aka bar gida, wahalar tafiya ce ta tono shi. Haka tsargiya: duk wanda ya saba wanka a rafi ko dam, ƙarfinsa na hawa yana sauka ba dalili, a duba fitsarinsa da bayan gidansa. Chris Froome, wanda aka haifa a Kenya, ya yi ta fama da kasala da yawan rashin lafiya har sai da aka gano tsargiya a jikinsa a 2010. Bayan an yi masa magani ya ci Tour de France sau huɗu.

A tafiyarku ta kwana huɗu, ku fara ci tun awar farko, kada ku jira yunwa. Giram 40 zuwa 60 a awa ya wadatar da ku: ayaba ɗaya babba na da wajen giram 25, sai ka ƙara dabino biyar ko shida. Ƙosai da soyayyen nama da yaji a bar su sai an sauka, mai na daɗewa a ciki. Ruwa rabin lita zuwa lita ɗaya a awa gwargwadon zafi, gora ɗaya a cikin biyu ta zama ta gishiri da sikari: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sikari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ka hau sikeli kafin fita da bayan dawowa. Mai kilo 65 da ya rasa fiye da kilo 1.3 bai sha isasshe ba. Da an sauka, cikin awa ɗaya a ci shinkafa ko dankali ko fura da nonon da aka tabbatar da tsabtarsa, da dare a ƙara tuwo da wake ko ƙwai ko kifi. Kowa da gorarsa, ba a karɓa-karɓa. A bazara ku gama tafiya kafin ƙarfe goma sha ɗaya, a hunturu ku rufe hanci da baki da ƙyalle mara kauri saboda ƙura. Rana ta farko ku tafi da gudun da za ku iya hira, rana ta uku ta zama mafi gajarta.

In wani ya fara surutai marasa kan gado ko tangaɗi a cikin rana, a kai shi inuwa, a tuɓe masa riga, a kwarara masa ruwa ana yi masa fifita tun kafin mota ta iso. In fitsarin wani ya koma baƙi-baƙi kamar ruwan shayi mai kauri kuma cinyoyinsa na ciwo fiye da kima, alamar tsoka ce ke narkewa tana toshe ƙoda, a wuce da shi asibiti a ranar.