Kilishina yana warin tsohon mai: ko garin waken suya zai yi magani?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mahauci ne a Aboabo, Kumasi. Kilishina ba ya wuce mako biyu sai ya fara warin tsohon mai, yana maƙaƙi a maƙogwaro. Ɗana ya ce masana'antu na zuba garin waken suya a sosej don hana haka. Gaskiya ne, ko algus ne kawai?

Amsa: Wa alaikumus salam, Baba. Ɗanka ya faɗi gaskiya. Warin nan ba ruɓewa ba ce. Iska ce ke cin kitsen, kuma sinadarin ƙarfe da ke cikin jan nama, da gishiri, da zafi, duk suna ƙara mata sauri. Masana'antu sun daɗe suna tare wannan da sinadarai irin su BHA da BHT. Yanzu da masu saye ke gudun su, wasu sun karkata ga abubuwan da ake samu daga tsirrai, ciki har da furotin na waken suya da sauran dangin wake. A cikinsu akwai abubuwan da ke riƙe ƙarfen nan, su kuma rage wa iska ƙarfi kafin ta lalata kitse. Ba algus ba ne in an faɗa wa mai saye.

Amma Baba, kai ma kana da naka a hannu. Labun da kake tsoma nama a ciki, ai tunkuza ce, furotin ɗin gyaɗa. Kanumfari da citta kuwa suna cikin kayan yajin da suka fi ƙarfi a wannan aiki. Tunda duk da haka kilishin yana wari, ina zargin tunkuzar taka. Ina yarinya, kakata ba ta sayen tunkuza sai ta matsa ta a tafin hannu. In hannun ya yi ƙyalli, ta ajiye ta wuce. Man gyaɗar da ba a matse ba shi ma yana tsufa, sai ya zama ka shafa wa naman abin da kake gudu.

Ka nemi sabuwa, matsattsiya, ka yanke kitse tas kafin shanya. In za ka gwada waken suya, ka soya shi tukuna don ɗanyen yana da gafi, ka niƙa, ka sa kaɗan a labun tire ɗaya, ka bar ɗaya yadda ka saba, ka shinshina su bayan mako biyu.

Abin da ya fi damuna shi ne gyaɗa mai fumfuna, musamman da laimar Kumasi. Tana ɗauke da gubar afulatoksin mai cutar da hanta, kuma gashi ba ya kawar da ita. Sannan garin waken suya da tunkuza ba sa kashe ƙwayoyin cuta. Wannan aikin bushewa ne da wuta da tsabta. Akwai kuma waɗanda jikinsu ba ya karɓar gyaɗa ko waken suya, don haka in kana ƙullawa a leda ka rubuta abin da ke ciki, ka fitar da iskar kafin ka liƙe, ka ajiye a inuwa.