Hukuncin Dashen Ƙwayoyin Insulin Ga Mai Ciwon Sukari

Tambaya: Malam, ɗana yana da ciwon sukari mai bukatar allurar insulin kullum, kuma sukarinsa kan faɗi har ya suma ba tare da ya ji alama ba. Likitoci sun ambaci dasa masa ƙwayoyin da ke samar da insulin daga jikin mamaci, amma sun ce da yawansu mutuwa suke yi bayan dashen. Shin ya halatta?

Amsa: Allah ya ba shi lafiya. Asali dai gawar ɗan Adam abar girmamawa ce, domin Annabi (SAW) ya ce karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana raye. Sai dai Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1988, ta halatta ɗaukar gaɓar mamaci idan rai ko wani muhimmin aikin jiki ya rataya a kanta, da izininsa ko na magadansa, kuma ba da ciniki ba. Suman da kika kwatanta ya shiga wannan babi.

Abin da likitocin suka faɗa gaskiya ne. Ana ciro ƙwayoyin daga pankiriyas na mamacin, wato gaɓar da ke samar da insulin a cikin ciki, a zuba su ta jijiyar da ke shiga hantar majinyacin. Da zarar sun haɗu da jini sai ya daskare a kansu, kumburi ya biyo baya, ga ƙarancin iska kafin sababbin jijiyoyi su tsiro musu. Shi ya sa a aikin da aka yi a Edmonton ta Kanada a 2000 sai da aka haɗa wa kowane majinyaci ƙwayoyin mamata biyu ko fiye.

Wannan asarar ba ta hana halascin, domin shari'a rinjayen zato take nema a magani, ba tabbas ba. Ni a ganina ma binciken da ake yi don ƙwayoyin su daɗe, kamar lulluɓe su da wani sinadari na ciyawar teku don garkuwar jiki ta kasa kai musu, aikin lada ne: in na mamaci ɗaya suka isa, an huta da taɓa gawa ta biyu.

Inda zan ja hankalinki shi ne magungunan danne garkuwar jiki, waɗanda zai riƙa sha muddin dashen yana aiki don kada garkuwar jikinsa ta kashe ƙwayoyin, kuma suna iya taɓa ƙoda su buɗe ƙofar cututtuka. Ba a gusar da cuta da wadda ta fi ta. Idan likita amintacce ya ce allura da na'urar auna sukari za su tsare shi, a tsaya nan. In ba haka ba, ku yi dashen, babu laifi.

Wallahu a'alam.