Amsa ga ɗan'uwan da zai hau dutse da rediyo biyu

Malam, da na karanta tambayarka sai na ji kamar labarina kake bayarwa. Ka ce ku huɗu ne, za ku kafa tasha a kan dutse a bayan gari don gasar CQ WW ta murya a ƙarshen Oktoba (gasar duniya ta masu sha'awar rediyon sadarwa, inda ake tara maki da tashoshin da aka yi magana da su), da rediyo biyu, wurin kuma ba sabis ɗin kirki, kana neman yadda za ku tsara aiki kada ku riƙa taka juna ko ku yi ta maimaita mutum ɗaya. Na sha wannan wahalar a wajen tsaunukan Shere kusa da Jos, kuma wallahi har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Kafin ka damu da eriya, ka fara damuwa da wanda zai zauna a rediyo na biyu. Mu ajin masu aiki da yawa da tashar kira ɗaya muka shiga. Dokar ka san ta: rediyo na biyu malti kawai yake farauta, sabuwar ƙasa ko sabuwar shiyya, a mitar da ba ta na farko ba, kuma duk wanda ya koma wata mita sai ya cika minti 10 a kanta kafin ya sake motsawa. Mun karanta wa juna wannan tun a mota. Kowa ya ce ya ji, har da wani dattijo a cikinmu wanda rediyo na biyun nasa ne, shi ya sa yake ganin ba mai gaya masa magana.

Daren Asabar bayan Isha'i mita 20 ta buɗe sosai. Ina zaune kusa da 14.200 MHz, Turai ta yi mini cincirindo, Italiya, Jamus, Sifaniya, kowanne maki 3 tunda wata nahiya ce, ga shi 5N, farkon lambar kiran Najeriya, da shiyyarmu ta 35 ba kullum suke samu ba. Hannuna har ciwo yake don buga lambobin kira a kwamfuta. Kwatsam sai hedifon ɗina ya cika da wani irin ƙugi, ban ƙara jin kowa ba. Ashe Alhaji, dattijon nan, ya gaji da farauta, ya koma mita 40 ya zauna a wajen 7.100 yana kwaɗa nasa CQ ɗin, watau kiran kowa da kowa. To rediyo yana ɗan fesa sigina a ninkin inda yake magana, ninka 7.100 sau biyu ka gani, daidai kan kaina yake sauka, ga eriyoyinmu kusa da juna, ga ba filta mai tace siginar wata mita. Na ɗaga masa hannu, bai kalle ni ba. Na aika yaro, ya ce a gaya mini shi ma zuwa ya yi ya yi aiki, ba gadi ba. Kafin in tashi in same shi in dawo, wata babbar tasha ta riga ta zauna a wurina. Da wat 100 wa zan kora? Haka na zauna ina jin mutanen da ɗazu suke kirana suna kiran wani.

Da ma a nan abin ya tsaya. Da safe muka gano kwamfutarsa ta mutu tun dare, bai faɗa wa kowa ba, ya ci gaba da rubutu a takarda da agogon hannunsa, agogon Najeriya, wanda ya wuce UTC da awa ɗaya. Wasu layukan ma ba mita. Sannan ya hau can saman dutse ya kamo ɗan sabis, ya tura wa abokansa na waje saƙon WhatsApp cewa su same mu a wuri kaza, su kuma tallata mu a kulasta, dandalin da ake sanar da inda tashoshi suke. Dokar gasar ta hana shirya haɗuwa ta waya ko intanet, ta hana ka roƙi a tallata ka. Da na yi magana cewa ya yi yaran yanzu ba su da kunya. Ƙarshenta log, watau jerin waɗanda muka yi magana da su, na dubawa kawai muka tura, wanda ba a ba shi maki. Kuɗin mai, sanyin Filato, rashin barci, duk a banza. Har yau muna gaisawa, amma ba zan ƙara hawa dutse da shi ba.

Don haka ku naɗa mutum ɗaya mai rabon mita a kowane zama. Ba wanda zai taɓa maɓallin canja mita sai ya ce to, ko da babanka ne. Ku yi wannan maganar a gida, gaban kowa, kafin a ɗora kaya a mota. Ku samu kwali da maka ku rubuta wa ke kan wace mita da ƙarfe nawa ya hau.

Maganar maimai, watau shigar da mutum ɗaya sau biyu a mita ɗaya, kuwa ba sai da intanet ba. Ku haɗa kwamfutocin biyu da kebul, manhajar rubuta log ta N1MM za ta nuna wa kowa abin da ɗan'uwansa ya shigar nan take. Amma ku gwada haɗin a tsakar gida, kada sai kun hau dutse. In wani ya sake kiranka, kada ka tsaya musu da shi, ka ba shi 59 35, watau rahoton sigina da lambar shiyyarmu, ka shigar. Maimai cire shi kawai ake yi, ba hukunci. Abin da ke cin maki shi ne ka rubuta lambar kira ba daidai ba, ko a rasa ka a log ɗin wancan, nan za a cire sannan a ci ka tarar ninki biyu. Agogo kuma duka a saita su kan UTC, har wanda za a ajiye kusa da takardar ko-ta-kwana. Gasar ƙarfe 1 na daren Juma'a take farawa a wajenmu, watau Asabar ta riga ta shiga, mutane da yawa nan suke rikicewa.

In ba ku da filtar kowace mita, kada ɗaya ya hau 40 alhali ɗayan yana 20 ko 15, don ninki uku na 7.100 ma a 21.300 yake faɗawa. Ku raba eriyoyin iya yadda za ku iya, rediyoyin ne dai dole su kasance cikin da'ira mai faɗin mita 500. Janareto ya yi nisa da tanti. Inbata mai arha kuwa ku bar ta a gida, hayaniyarta kaɗai ta isa ta rufe muku mita 80. Kuma ka lissafa batir da kyau, rediyon wat 100 yana jan kusan amp 20 in kana magana.

Wani abu da ba ka tambaya ba amma dole in faɗa. Ku je ku gaida dagaci kafin ranar, ku nuna takardar lasisi, a sanar da 'yan banga da ofishin 'yan sanda na kusa. A wannan zamanin baƙi huɗu a kan dutse cikin dare, da dogayen sanduna da wayoyi, suna ta faɗin haruffa da Turanci, kai ma ka san abin da mutanen ƙauye za su zata. Mu yaron da dagaci ya haɗa mu da shi shi ya yi ta kawo mana ruwa.

Ku raba lokacin sallah da barci tun a takarda, kada a bar rediyon kira ba kowa da hantsi sa'ad da 15 da 10 suke ci. Kwanaki kaɗan kacal ake bayarwa bayan gasar a tura log, saboda haka ku san wanda zai tura tun kafin ku sauko. Rediyo na biyun na waye a cikinku? Ka faɗa mini wannan, da irin eriyar da za ku ɗauka, sai in ga ko akwai abin da zan ƙara. Allah Ya kai ku lafiya.