Amsa ga mai tambaya kan shiga tattakin mata a Damagaram

Assalamu alaikum. Ɗiyata, kin ce an gayyaci ƙungiyarku ta mata zuwa babban tattakin neman haƙƙi da daidaito, surukarki ba ta so ki je, ke ma kina shakkar ko irin wannan fita tana haifar da wani abu ban da gajiya da surutun unguwa. Amsata ita ce tana haifarwa, amma sai idan masu fitar sun san abu ɗaya da suke nema, sun kuma san ƙofar da za su kai shi.

Ina ɗaliba a Yamai aka yi tattakin 13 ga Mayu 1991, kuma ina cikin waɗanda suka taka. A lokacin ana shirin babban taron ƙasa, zamanin mulkin Ali Saibu, sai aka kafa kwamitin share fage mai mutum 68 da mace ɗaya tak a cikinsa. Wannan ne ya fito da dubban mata kan titi, malaman makaranta da ma'aikatan jinya da 'yan kasuwa da matan ƙungiyoyin ƙwadago, har da waɗanda ba su taɓa shiga aji ba. Ba mu tafi da dogon jerin koke-koke ba, duk da cewa kowace a cikinmu tana da nata. Magana ɗaya ce a bakin kowa: ba za a tsara makomar Nijar ba sai da mata. Da yake buƙatar a fili take, hukuma ba ta samu wurin kewaye-kewaye ba, aka ƙara mata biyar a kwamitin, kuma a 1992 aka mai da ranar ta zama ranar matan Nijar. Mata biyar ba yawa ba ne, na sani, amma daga nan aka ɗauko hanyar da ta kai ga dokar kaso ta shekarar 2000, wadda ta ware aƙalla kashi 10 cikin 100 na muƙaman zaɓe da kashi 25 na muƙaman naɗi, har aka ɗaga su zuwa 25 da 30 a 2019. Majalisar da aka zaɓa a 1999 mace ɗaya ce a cikinta, wadda aka zaɓa a 2004 kuwa mata 14 ne.

Abin da nake gani tun bayan dawowata gida shi ne ranar ta fi karkata ga ɗinkin anko da kiɗa da jawabin manya. Ba na ƙin zanen 13 ga Mayu, ina da su a akwati, sai dai macen da ta ci bashin adashe ta yi ɗinki, ta sha rana, ta koma gida ba ta san abin da aka rubuta a takardar da aka miƙa wa gwamna ba, biki ta je. Saboda haka kafin ki ce za ki ko ba za ki ba, ki nemi shugabar ƙungiyarku ta karanta muku takardar da Hausa, ku ji wa za a ba, kuma su wa za su koma bayan wata ɗaya ko biyu su tambayi inda aka kwana. A garin nan ba ma rasa abin nema. Matsalar ruwa kaɗai ta isa, domin duk wadda ta taɓa kwana a layin famfo da jarkoki a unguwar Garin Malam ko Kara-Kara cikin bazara ta san a kan wa wahalar take sauka, kuma yarinyar da ta yi dare wajen neman ruwa ita ce mai gyangyaɗi a aji da safe. Ga kuma cire 'yan mata daga makaranta don aure, alhali tun 2017 akwai dokar gwamnati da ta tanadi kare karatun ɗiya mace.

Game da surukarki, kada ki mai da abin gardama. Kalmar daidaito tana tsorata mutane da yawa a nan, suna ɗauka ana nufin a rushe aure ko a ja da addini, kuma irin wannan fargaba ce ta hana kundin dokar iyali wucewa, ta kuma sa majalisa ta ƙi amincewa da yarjejeniyar Maputo ta kare haƙƙin matan Afirka a 2006. Ki fara da maigidanki, ki gaya masa ainihin abin da ake nema da hanyar da za a bi da lokacin tashi, sannan ku je wurin Hajiya tare. Na sha ganin tsohuwar da ta ƙi jin zancen 'yanci ta ɗauko mayafinta da kanta da ta ji ana maganar ruwa da gadon marayu da kuɗin awo a likita. In sun ƙi duk da haka, akwai aikin da ake yi daga gida, kamar rubuta alluna da tara sa hannun matan unguwa.

Idan kin samu izini, ki tabbatar masu shiryawa sun sanar da ofishin magajin gari a rubuce kuma an amince, domin fita kan titi ba tare da wannan ba tana iya jawo kamu, kuma sharuɗɗan suna sauyawa da yanayin ƙasa. Zafin watan Mayu a Damagaram yana wuce digiri 40, don haka ki karya kumallo sosai, ki riƙe ruwa da katin shaidarki da kuɗin kabu-kabu na dawowa, ki sa takalmi marar tsini, ki bar goyo a gida in da hali. Ku tafi rukuni, ku sa wurin haɗuwa ko da an watse, kuma idan samari suka shigo da jifa ko wani ɗan siyasa ya karɓe lasifika, ku janye gefe ba tare da gudu ba. Mai ciki da mai hawan jini gara su jira a inda za a kammala.

Ki turo mana abin da takardar ta ƙunsa idan an karanta muku. In maganar ruwa tana ciki, ni da wasu tsofaffin malamai na unguwar Birni za mu same ku a wurin tashi, ko da ba za mu iya kaiwa ƙarshen hanya da ƙafa ba.